Rubu'in Gulliver Ake Sayar Muku

A teburin masu sayar da littattafan makaranta akwai wani ɗan siririn littafi da ba ya ɓacewa. A bangonsa ga wani ƙaton Bature kwance rigingine, an ɗaɗɗaure shi da zare, 'yan mitsi-mitsin mutane suna yawo a kan cikinsa. Wanda na ɗaga kwanan nan bai kai shafi 50 ba, rabinsa hotuna, amma an rubuta Gulliver's Travels da sunan Jonathan Swift ɓaro-ɓaro, babu ko kalma ɗaya da ta nuna an taɓa shi. Wani malamin Turanci da ke tsaye a wurin ya leƙo, ya ce ai wannan tatsuniyar yara ce, shi tun yana firamare ya karanta.

Bai karanta ba. Rubu'in littafin aka ba shi, rubu'in ma sai da aka tace.

Matsayina a fili yake. Littafin Swift zambo ne da aka rubuta wa manya, kuma bugun da ya tsaya a ƙasar 'yan mitsi-mitsi ya juya ma'anarsa baibai. Duk mai son taƙaita wa yara labarin ya taƙaita, amma ya rubuta a bango cewa yanki ne. Manyan makarantu kuwa, da duk wanda ya yi niyyar mayar da shi Hausa, su ɗauke shi da tafiyoyinsa 4, ko su bar shi inda suka same shi.

Yadda aka ɗana tarkon

Littafin ya fito a Landan a watan Oktoba na 1726, ba tare da sunan marubuci ba. Swift a lokacin shi ne shugaban limaman majami'ar St Patrick da ke Dablin, babban birnin Ailan. Kashi 4 ne, babi 39, kalma wajen 100,000. Mai ba da labarin, Lemuel Gulliver, likitan jirgin ruwa ne da ya zama kyaftin daga baya, kuma ya ce yawon nasa ya ci shekara 16 da wata 7 da 'yan kai.

A tafiya ta farko, ƙasar Lilliput, komai kashi 1 cikin 12 ne na namu. Mutum bai kai inci 6 ba. Masu lissafin fada suka auna tsawon Gulliver, suka ninka 12 sau 12 sau 12, suka yanke masa abincin mutum 1,728 a kullum. A tafiya ta biyu, Brobdingnag, sai aka juya ma'aunin daidai wa daida: su ne suka ninka shi sau 12, yarinyar da ke renonsa shekararta 9 amma ta doshi ƙafa 40.

Wannan juyi shi ne ƙashin bayan littafin. A Lilliput mai karatu yana tare da ƙato, yana kallon ƙasa, yana dariyar sarki mai tsawon ɗan yatsa da ake wa kirarin cewa kansa na taɓa rana. Dariya mai daɗi, don da wasu ake yi. A Brobdingnag sai a ɗora shi a tafin hannu, a jujjuya shi, a yi dariyarsa. A tafiya ta uku a taɓa abin da yake taƙama da shi, wato ilimi da dabara da burin tsawon rai. A ta huɗu a tuɓe shi a tsayar da shi kusa da dabba, a ce a nuna bambanci.

Wanda ya yanke littafin a ƙarshen Lilliput ya sallami mai karatu yana nan a ƙatonsa. Ya taka tudun laifinsa, ya hango na wasu, ya rufe littafi yana murmushi. Girman kan da Swift ya rubuta babi 39 don ya huda, bugun yara ya ƙara hura shi. A wasiƙar da ya aika wa abokinsa mawaƙi Alexander Pope a watan Satumba na 1725, Swift ya ce burinsa ya ɓata wa duniya rai, ba ya ɗebe mata kewa ba.

"To ai yaro da wani abu zai fara"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Turancin 1726 yana da nauyi. Jimla ɗaya takan cinye layi 8. Yaro ɗan shekara 10 ba zai iya ba, manya da yawa ma sai sun dafa ƙamus.

Amma a duba abin da ake cirewa da sunan sauƙaƙawa. Ba kalmomi masu wuya kaɗai ke tafiya ba.

Ɗauki ƙarshen zaman Lilliput. Gulliver ya shiga teku ya jawo wa sarki jiragen yaƙi 50 na maƙwabtansu Blefuscu, aka naɗa shi sarauta mafi girma a ƙasar. Sarki ya ce ya koma ya kwaso sauran, a mayar da Blefuscu lardi. Gulliver ya ce ba da shi za a bautar da 'yantattun mutane ba. Daga nan fada ta juya masa baya. Majalisa ta zauna a asirce. Ma'aji da sarkin ruwa suka ce a cinna wa gidansa wuta da dare, a kewaye shi da maharba 20,000 masu kibiya da dafi. Sai wanda ake kira abokinsa ya miƙe ya roƙi sassauci: a tsiyaye masa ido kawai, ƙarfinsa zai ci gaba da amfanar sarki. Aka amince da wannan a takarda. A ɓoye kuma aka shirya a riƙa rage masa abinci a hankali har ya mutu, don gawar ta rame, warinta ya yi sauƙi.

Sai Gulliver ya ƙara wata magana: a ƙasar, babu abin da ke tsorata talakawa kamar su ji ana shelar tausayin sarki, domin sun lura duk lokacin da yabon ya yi tsawo, hukuncin ya fi muni, wanda za a hukunta kuma ya fi zama marar laifi.

Wace kalma ce mai wuya a nan? Ɗan aji 3 na ƙaramar sakandare zai gane wannan sarai. Amma bugun yara yakan dunƙule shi a jimla guda, wai wasu fadawa sun yi masa hassada sai ya gudu. An cire ne don yana da ɗaci, ba don yana da wuya ba.

Taƙaitawa ta gaskiya tana rage tsawon jimla da bayanin iska da igiyoyin jirgi, waɗanda Swift ya cika da gangan don kwaikwayon littattafan matafiya na zamaninsa. A shafi 120 ana iya kawo tafiyoyi 4 cikin Turanci mai sauƙi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a jefar da biyu ko uku a ce an taƙaita.

Maganar ƙazanta

Hujja ta biyu ita ce tarbiyya. Gaskiya ne, Swift ba ya kau da kai daga fitsari da kashi da warin jiki, kuma akwai wurin 'yan matan fadar Brobdingnag da ni ma ba zan sa a littafin 'yan ƙasa da shekara 15 ba.

Sai dai mafi yawan ƙazantar tana riƙe da wani abu, in ka zare ta gini ya zube. Gobara ta tashi a ɓangaren sarauniyar Lilliput da tsakar dare. Bokitansu kamar murfin kwalba. Gulliver ya sha giya da yawa a daren, sai ya kashe wutar da fitsari cikin minti 3. Ya ceci fada, amma doka ta ce wanda ya yi fitsari a harabar fada hukuncinsa kisa ne, sarauniya kuma ta yi rantsuwar sai ta rama. Wannan shi ne laifi na farko a takardar tuhumarsa. Masu taƙaitawa sukan sa ya ɗebo ruwa, ko su tsallake gobarar gaba ɗaya. Da zarar an yi haka, ƙiyayyar sarauniya ba ta da tushe, tuhumar ta rasa kanta, tambayar da ke ƙasa kuma ta ɓace: mutumin da ya cece ka ta hanyar da ta saɓa doka, godiya za ka yi masa ko shari'a?

Masu sharhi da yawa suna danganta wannan da sulhun Utrecht na 1713. Ministocin da Swift ya yi wa aiki da alƙalaminsa, Harley da Bolingbroke, sun kashe wutar dogon yaƙi da Faransa ta hanyar tattaunawar sirri. Da mulki ya sauya bayan rasuwar Sarauniya Anne a 1714, aka tuhume su da cin amanar ƙasa a 1715. Harley ya yi shekara 2 a tsare, Bolingbroke ya tsere Faransa, kamar yadda Gulliver ya tsere Blefuscu.

Haka batun fata. A Brobdingnag Gulliver yana ganin ramuka da tabo da gashi a jikin matan da ake kira kyawawa, har zuciyarsa ta tashi. Nan take ya tuna wani abokinsa na Lilliput ya taɓa gaya masa cewa fuskarsa, in an matso kusa, cike take da ramuka, tsiron gemunsa kuma ya fi gashin gadu kauri. Ka cire ƙyamar, ka cire darasin.

Hausa ma ba ta rasa hanyar sakaya magana ba. Harshen da ke cewa "kama ruwa" da "zagayawa" ba zai gaza ba da labarin gobarar nan a gaban surukai ba. A sakaya kalma, a bar abin da ya faru.

Siyasar Ingila ta shekara 300 da suka wuce, ina ruwanmu?

Wasu sun ce habaicin ya mutu tare da waɗanda aka yi dominsu. Wa ya san Robert Walpole, wanda ya riƙe gwamnatin Ingila daga 1721 zuwa 1742, balle ya gane shi ne ake nufi da ma'ajin Lilliput?

Ba sai ka san shi ba. A Lilliput, in muƙami ya faɗi, masu nema suna rawa a kan igiya, wanda ya fi tsalle bai faɗo ba shi ke samu. Manyan ministoci ma akan sa su hau lokaci-lokaci don a ga ba su manta ba. Lambar girma kuma zare ce mai launi, ana ba wanda ya fi iya tsallake sanda ko rarrafawa ƙarƙashinta, gwargwadon yadda sarki ya ɗaga ko ya sauke. Jam'iyyu biyu ne, ba sa ci ba sa sha tare, bambancinsu tsinin dunduniyar takalmi kawai. Yarima mai jiran gado dunduniyarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shi ya sa yake ɗingishi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan siyasa mai ƙafa ɗaya a jam'iyya mai mulki, ɗaya a ta adawa, ba ya bukatar a fassara masa wannan ɗingishin.

Ga rikicin ƙwai. Kakan sarki yana yaro ya yanke yatsa wajen fasa ƙwai ta gefe mai fāɗi, sai aka kafa doka kowa ya fasa ta tsinin. Aka yi tawaye 6, sarki ɗaya ya rasa ransa, wani ya rasa gadonsa, mutum 11,000 suka zaɓi mutuwa da su sauya. Littafin addininsu kuwa cewa ya yi a fasa ta gefen da ya fi sauƙi. Swift rikicin Katolika da Furotesta yake nufi. Masu ilimin kwamfuta har yau da sunayen ɓangarorin nan biyu suke kiran hanyoyi biyu na jera lambobi a ma'ajiyar na'ura, tun da Danny Cohen ya aro su a 1980.

Shaidar cewa zambon yana cizo ita ce mai ɗab'in farko, Benjamin Motte, shi ya fara sa masa almakashi don tsoro. Zaren lambar girma shuɗi da ja da kore ne, launukan lambobin girma na masarautar Ingila, sai ya sauya su. Ya cusa wani sakin layi na yabon Sarauniya Anne da Swift bai rubuta ba. Sai a bugun George Faulkner na Dablin a 1735 aka maido da mafi yawan abin da aka taɓa.

Abin da ake rasawa a tafiya ta biyu

Ko bugun da ya kai Brobdingnag, a kan zanzaro da biri da faɗawa cikin kwanon madara yake tsayawa. Tsokar tana babi na 6 da na 7.

Gulliver ya zauna da sarki sau 5, kowane zama na sa'o'i, yana yabon Ingila: majalisa, kotuna, baitulmali, sojoji. Sarki yana rubutawa. A zama na 6 ya fito da tambayoyi. Me ya sa mutum zai kashe dukiyarsa neman kujerar da ba albashi, in ba yana da hanyar mayar da kuɗinsa ba? Ka ce harajinku miliyan 5 ko 6 ne a shekara, abin da kuke kashewa kuma wani lokaci ya ninka haka, to wa ke binku bashi, ina za ku samo ku biya? Me sojan haya ke yi a tsakiyar 'yantattun mutane a lokacin zaman lafiya? Ya ɗauki Gulliver a hannu, ya shafa shi, ya ce daga abin da ya ji, yawancin mutanen ƙasarsa su ne mafi cutarwa cikin ƙananan ƙwari masu ban ƙyama da suka taɓa rarrafe a bayan ƙasa.

Don ya gyara sunansa, Gulliver ya yi wa sarki tayin sirrin albarushi, yana kwatanta yadda igwa ke tarwatsa sahu. Sarki ya razana, ya ce gara ya rasa rabin mulkinsa, kuma kada ya ƙara ji in yana son ransa. Gulliver ya juyo yana gaya mana wai wannan ƙarancin wayewa ne. Daga nan mai karatu mai lura yake fara shakkar mai ba shi labari, kuma wannan shakkar ce za ta yi masa amfani a ƙarshe. Sarkin ne kuma ya ce wanda ya sa zangarniya biyu ta fito inda ɗaya ke fitowa ya fi dukan 'yan siyasa amfani in an haɗa su.

Tafiya ta uku: an ce a warwatse take

A warwatse take, na yarda. Ƙasashe 5 a babi 11, kuma ita Swift ya rubuta daga ƙarshe. Na kuma yarda cewa ya wuce gona da iri wajen yi wa masana kimiyya ba'a. Ƙungiyar masana ta Landan da yake wa shaguɓe ita ce Isaac Newton ke shugabanta a lokacin, kuma tarihi bai goyi bayan Swift a kanta ba.

Amma a nan ne littafin ya fi kusa da rayuwar yau. Laputa tsibiri ne mai tashi a sama, fāɗinsa mil 4 da rabi, ana tuƙa shi da ƙaton maganaɗisu. Masu mulki suna can sama, sun nutse cikin lissafi har sai bara ya kaɗa musu mafitsara mai tsakuwa a kunne kafin su ji ana magana. Tela ya auna Gulliver da kayan auna taurari, ya kuskure lamba ɗaya, riga ta fito a karkace, ba wanda ya damu don kowa haka tasa take. In wani gari a ƙasa ya ƙi biyan haraji, mataki 3 ne: a tsayar da tsibirin a kansa a tare masa rana da ruwan sama, in bai ji ba a yi ta jefo duwatsu, in ya ƙi a sauke tsibirin a murƙushe shi. Na ukun sarki ba ya son yi, don kada gindin tsibirin ya tsage, amma sai a ce tausayi ne.

Ailan ce a ƙasa, Ingila a sama. Swift ya rubuta labarin wani gari, Lindalino, da ya yi tawaye ya ci nasara, shekara ɗaya bayan wasiƙunsa na 1724 sun taimaka an janye kwabban tagulla na William Wood da aka so ɗora wa Ailan. Motte bai buga wannan yanki ba, Faulkner ma bai buga ba. Sai ƙarshen ƙarni na 19 ya shiga littafin.

Kowa yakan tuna mutumin da ya yi shekara 8 yana ƙoƙarin tatso hasken rana daga kokwamba. Ni labarin injin niƙan wani basarake mai suna Munodi ya fi tsaya mini. Wasu mutane sun hau Laputa suka yi wata 5, suka sauko da guntun lissafi da cikakken buri, suka ce a sake komai: mutum 1 zai yi aikin 10, a gina fada a mako guda. Matsala ɗaya ce, har yanzu ba a kammala ko ɗaya ba, kafin nan kuma gonaki sun bushe, gidaje sun zube. Munodi yana da injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa, rabin mil daga gidansa, yana isar iyalinsa da talakawansa. Masu sabon tsari suka ce a rushe, a gina wani a gefen dutse, a tura ruwa sama da bututu don ya gangaro da ƙarfi. Ya ga ba shi da fada a wajen sarki, ya yarda. Mutum 100 suka yi shekara 2 suna aiki, abu ya ƙi. Masu tsarin suka tafi, suka ɗora masa laifi, suka je suna tallata wa wasu.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan, an rubuta shi da adadin ma'aikata da na shekaru. Wanda ya taɓa ganin an cike rijiyar da ke ba da ruwa saboda famfon da bai zo ba, ya san Munodi.

A wannan kashi ne kuma ake haɗuwa da wasu mutanen ƙasar Luggnagg da ba sa mutuwa, masu jan tabo a saman girar hagu. Gulliver ya yi ta murna yana lissafa dukiya da ilimin da zai tara da shi ne. Sai aka nuna masa su. Suna tsufa, ba sa mutuwa. A shekara 80 doka ta ɗauke su matattu, magada su raba dukiya. A 90 haƙori da gashi sun tafi, ba sa iya karatu don kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. Bayan shekara 200 harshe ya sauya, sun zama baƙi a garinsu. In suka ga ana jana'iza sai su yi ta hassada.

Tafiya ta huɗu, inda ake cewa ya haukace

Nan ne hujjar ta koma ta aƙida. Dawaki masu hankali, Houyhnhnm, su ke mulki. Wasu ƙazaman halittu masu siffar mutum, Yahoo, su ne dabbobi. Marubuci William Thackeray, a laccocinsa na 1851, ya shawarci masu sauraro kada su karanta wannan kashi. Mu da muka taso da ayar da ta ce an karrama 'ya'yan Adam, dole abin ya tsaya mana a wuya.

Akwai ma abin da ya fi wannan, kuma bai kamata a ɓoye wa mai karatu ɗan Afirka ba. Da Gulliver ke kwatanta fuskar Yahoo, fāɗin fuska da shimfiɗaɗɗen hanci da kaurin leɓe, ya ce haka duk al'ummomin da ya kira marasa wayewa suke, wai saboda goyo a baya. Wannan yaren littattafan matafiyan Turai ne a zamanin cinikin bayi. Sulhun Utrecht da Swift ya kare shi ne ya ba Ingila kwangilar kai bayi 4,800 duk shekara zuwa yankunan Sifaniya a nahiyar Amurka. Hannunsa ba fari tas ba ne.

Duk da haka, a bi inda kibiyar ta sauka. Halayen Yahoo da aka jera na ƙasar Gulliver ne. Suna tono duwatsu masu ƙyalli su ɓoye, su yi ta faɗa a kansu. Shugaban garke yana da ɗan gaban goshi mai lasar ƙafarsa, ranar da aka sauke ɗan gaban goshin kuma garke duka su taru su yi masa kashi a ka. Gulliver da bakinsa ya bayyana wa dokin shari'ar Ingila: maƙwabci ya ga saniyarka yana so, ya ɗauki lauya, kotu ba za ta tambayi hujjarsa ba, sai dai ja ce ko baƙa, ƙahonta dogo ne ko gajere, a yi ta ɗage zama shekara 10, 20, 30. Dawakin ba su da kalmar ƙarya, sai dai su ce mutum ya faɗi abin da babu.

Su ma dawakin, wanda ya karanta a hankali ba zai so zama cikinsu ba. Launin gashi ke raba mai gida da bara. In ma'aurata sun haifi maza biyu sai su yi musaya da masu mata biyu. A babban taronsu na duk shekara 4 muhawara ɗaya ce ke dawowa, ko a shafe Yahoo daga doron ƙasa. Gulliver, masoyin hankali, da aka kore shi ya lulluɓe kwalekwalensa da fatar Yahoo, ya zaɓi ta ƙanana don filafilai, ya toshe ɓaraka da kitsensu, yana faɗa kamar mai lissafin katako.

Sai ga Pedro de Mendez, kyaftin ɗan Fotugal da ya tsince shi. Ya ba shi abinci da tufafi, ya sauke shi a gidansa a Lisbon, ya ranta masa fam 20, ya lallashe shi ya koma ga iyalinsa. Gulliver bai ga komai a jikinsa ba sai Yahoo mai ɗan dama-dama. Ya isa gida, matar da ya bari da tsohon ciki ta rungume shi, ya suma kusan sa'a guda. Shekara 5 bayan nan yana toshe hanci da ganyen taba, yana hira da dawakinsa biyu sa'a 4 a kullum, yana wa'azi a kan girman kai. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Swift ya ajiye mutumin kirki a gaban Gulliver a daidai lokacin da Gulliver ya ce babu mutumin kirki, kuma ba a yin irin wannan bisa kuskure. A wasiƙar nan ta 1725 ya ce yana ƙin dabbar da ake kira mutum, amma yana son John da Peter da Thomas har zuciya. Da ya rasu a 1745, dukiyarsa ya bari a gina asibitin masu taɓin hankali a Dablin, wanda ke aiki har yau.

A babin ƙarshe kuma akwai sakin layin da ya isa ya sa a ajiye kashi na huɗu. Gulliver ya bayyana yadda ake samun sabuwar ƙasa: guguwa ta kora 'yan fashin teku, yaro ya hango tudu, su sauka, mutane su tarbe su da alheri, su raɗa wa ƙasar sabon suna, su kafa ruɓaɓɓen katako a matsayin shaida, su kashe mutum dozin 2 ko 3, su koma gida a yafe musu. Daga nan a aiko jirage, a azabtar da sarakuna su nuna zinariya, a kira wannan tawaga ta mahauta masu kawo wayewa. Sai ya ƙara da cewa wannan bai shafi Ingila ba ko kaɗan, don ita abin koyi ce. An buga wannan shekara 173 kafin sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine su ƙone Birnin Ƙonni a 1899, shekara 177 kafin igwar Lugga ta fasa ganuwar Kano a 1903. Bugun da ke teburin makaranta ba shi da wannan shafi.

Kafin ka biya kuɗi

Buɗe jerin babi. In ba ka ga Laputa da Houyhnhnm ba, yanki ne, komai aka rubuta a bango. Cikakken bugu yakan kai shafi 300 ko kusa. Duba farko ko akwai wasiƙar Kyaftin Gulliver zuwa ga ɗan'uwansa Sympson, inda yake ƙorafin an fi wata 6 da fitar littafinsa amma bai ga ko ɓarna ɗaya da aka daina ba. In tana nan, bugun ya bi na 1735. Sannan leƙa babi na 5 na kashi na farko ka ga da me aka kashe gobara, da babi na 3 na kashi na uku ka nemi Lindalino. Haƙƙin mallakar littafin ya daɗe da ƙarewa, cikakkensa yana intanet kyauta, saboda haka mai ɗab'in da ya kawo rubu'i ba zai ce tsadar izini ce ta hana shi ba.